WA KE TAMBAYAR CIYAMAN? TARIHIN KANSILA DAGA ZAMANIN EN'E ZUWA YAU

Rubutun yau yana da ɗan tsawo, a daure a kai ƙarshe kafin a yanke min hukunci.

Juma'ar da ta wuce, bayan kasuwa ta watse, muna zaune a teburin mai shayi kusa da gada sai gardama ta kaure a kan aikin kansila. Wani ya ce aikinsa zuwa suna da ɗaurin aure da jana'iza. Wani ya ce a'a, shi ne wanda ake buga wa ƙofa in an rubuto magani babu kuɗin saye. Wani dattijo da ke gefe yana ta jin mu, can ya ajiye kofi ya ce: "Samari, a cikinku wa ya taɓa jin an ce kansiloli sun mayar wa ciyaman da kasafin kuɗi, sun ce a je a gyara?" Wallahi wurin ya yi tsit. Na ce, "Baba, ai ba a yi." Ya ce, "Ɗana, doka ce ta hana, ko mu ne ba mu tambaya ba?"

Tun ranar maganar take ci na. Bari mu koma baya mu ga ta ina aka hau.

Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, ba su rushe sarauta ba, sai suka ɗora mulkinsu a kanta, aka samu abin da iyayenmu suke kira En'e. Wajen 1907 zuwa 1908, zamanin Razdan Cargill, aka fitar da hakimai daga birni aka ce kowa ya koma ƙasarsa ya zauna. Ƙasar Wudil ta Makaman Kano ce, sarautar Jobawa, waɗanda tarihinsu yake haɗe da Utai. Dagaci ya tara haraji da jangali ya kai wa hakimi, hakimi ya kai Baitulmali a birni. Akwai lissafi, akwai rasit, akwai Di'o da ke zagayowa ya duba littafi. Amma duk mai tambayar daga sama yake. Manomin Darki ko Indabo da ya biya kuɗin ba shi da bakin cewa ina aka kai, balle ya ce rijiya muke so kafin ofis.

Shekarar 1950 ce ta girgiza wannan tsari. Ranar 8 ga Agusta aka kafa NEPU a Kano. A cikin watan dai, Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya miƙe a Majalisar Arewa a Kaduna ya kawo ƙudurin a binciki tsarin En'e a gyara shi, saboda talaka ba shi da ta cewa a cikinsa. Ku lura, mutum ne da ya fito daga cikin tsarin, ba ɗan tawaye ba. Daga nan aka daina cewa sarki shi kaɗai ne hukuma, aka haɗa shi da majalisarsa, sannan Dokar En'e ta 1954 ta ba majalisun gunduma da na ƙauye gindin zama. Aka riƙa ware wa gunduma ɗan kaso na kuɗi don rijiya da rumfunan kasuwa da gyaran hanya. Nan ne kakan kansilan yau ya fara zama a kujera. Sai dai hakimi ne ke shugabantar zaman, kuma kowa ya san wuyar ka ce wa hakiminka "ranka ya daɗe, ban yarda ba" alhali gonarka tana ƙasarsa.

Babban binciken kuɗi da Kano ta gani a wancan zamani ma daga sama ya zo. A 1962 gwamnatin Sardauna ta naɗa Baturen nan Muffett ya binciki kuɗin En'e ta Kano, abin da ya kai ga murabus ɗin Sarki Muhammadu Sanusi na Ɗaya a watan Maris na 1963, ya koma Azare. Har gobe ana gardama a kan nawa ne lissafi, nawa ne siyasa a cikin lamarin. Darasin da ni na ɗauka shi ne, in babu mai tambaya a gida, wata rana za a zo daga waje a tambaya, kuma mai zuwa daga waje da tasa manufar yake zuwa.

An ƙirƙiri Jihar Kano a 1967, Audu Bako ya zama gwamna, aka karɓe 'yan doka da kotuna da gidajen yari daga hannun En'e. Sai babban gyara na 1976, zamanin Obasanjo da Shehu Musa 'Yar'aduwa, wanda ya mayar da ƙaramar hukuma mataki na uku na gwamnati a duk faɗin ƙasa. Aka yi ƙananan hukumomi 301, tsohuwar Jihar Kano ta samu 20, Wudil na cikinsu. A watan Disamba na shekarar aka yi zaɓen kansiloli ba tare da jam'iyya ba. A wannan tsari ciyaman daga cikin kansiloli yake fitowa, kuma aiki ta hannun kwamitoci ake yin sa, musamman kwamitin kuɗi da na ilimi. Ma'ana, ciyaman abokin zamansu ne da suka ɗaga, ba ubangidansu ba.

A 1979 Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali. Talaka ya yi murna, kuma yana da gaskiya, don an sha wulaƙanci a kan kuɗin nan, an yi gudun haraji, an sayar da akuya da hatsin ci. Amma akwai abin da ya biyo baya wanda ba mu cika faɗa ba. Tunda kuɗin ƙaramar hukuma ya koma zuwa daga rabon man fetur, sai mutane suka riƙa ganinsa kamar kyauta. Wanda ya ciro daga aljihunsa shi ne yake bin ba'asi. Wanda aka ce masa "giran ya zo" sai dai ya yi fatan a sammasa.

Lokacin da kansila ya fi samun haƙori a takarda shi ne zamanin Babangida. An daga kason ƙananan hukumomi daga kashi 10 zuwa 15, sannan zuwa 20 a 1992, kuma aka riƙa turo musu kai tsaye. A 1991 aka raba ɓangaren zartarwa da na dokoki: ciyaman da mataimakinsa da masu kula da sassa a gefe guda, kansiloli da shugaban majalisarsu a ɗaya gefen. Aka ba su ikon yin dokokin yanki, da amincewa da kasafin kuɗi ko gyara shi, da bin ayyuka su ga an yi, har da tsige ciyaman. Ba a je ko'ina ba Abacha ya rushe su a Nuwamban 1993, aka koma hannun kantomomi. A 1996 aka kai adadin zuwa 774, Kano ta tashi da 44 da muke da su yau.

Yanzu ga abin da ya fi ba ni mamaki. Kundin Tsarin Mulki na 1999, sashe na 7, ya ce wajibi ne majalisar ƙaramar hukuma ta shiga cikin tsara tattalin arziki da cigaban yankinta. A Jadawali na Huɗu, inda aka jera ayyukanta, abu na farko shi ne ta duba ta ba jiha shawara a kan tsarin cigaba, kafin ma a zo kan kasuwa da tasha da mahauta da maƙabarta da kwashe shara da rajistar haihuwa. Wato tunanin "yaya garin nan zai kasance nan da shekara goma" aikinsu ne na farko a doka. Amma kundin dai, a sashe na 162, ya kawo asusun haɗin gwiwa tsakanin jiha da ƙananan hukumomi. An ba ka doki, an riƙe linzami.

Mun ga yadda hakan yake aiki. Ku tuna titunan kilomita biyar-biyar da aka tsara wa ƙananan hukumomi 44 a zangon Kwankwaso na biyu, 2011 zuwa 2015. Ba ina cewa titi ba shi da amfani ba ne, kuma ba ɓangare nake ɗauka ba. Abin lura shi ne shawara ɗaya ce aka yanke a Kano ta hau kan kowa, da mai bakin kogi da mai tudu. Sannan ga zaɓe: a 2018 da 2021 APC ce ta cinye ciyamomi 44 da kansiloli 484 kaf. Ranar 26 ga Oktoban 2024 NNPP ta cinye 44 da 484 kaf. Jam'iyya ta canza, lissafi bai canza ba. To majalisar da babu ɗan adawa ko ɗaya a cikinta, kuma kowa ya san wanda ya sa sunansa a takarda, wa zai fara ɗaga hannu?

Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli, ta bakin Mai shari'a Emmanuel Agim, ta ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kuma naɗa kantoma a madadin zaɓaɓɓu ya saɓa wa doka. An yi ta murna, duk da jan ƙafar da aka yi ta yi wajen aiwatarwa. Ni dai tsorona ɗaya ne. In kuɗin ya taso daga Abuja ya faɗo hannun ciyaman, kuma kansiloli ba sa tambaya, to ba a rabu da Bukar ba an haifi Habu. Kashi 20.6 na asusun tarayya ba ƙaramin kuɗi ba ne.

Mu dawo gida. Wudil tana da mazaɓu goma: Achika, Dagumawa, Dankaza, Darki, Indabo, Kausani, Lajawa, Sabon Gari, Utai da Wudil. Mutum goma ke nan. Da ni ne ɗaya daga cikinsu, ga abin da zan ajiye a gaban kowane ciyaman, ko na wace jam'iyya ne.

Na ɗaya, kasuwa. Karar Wudil tana cikin manyan kasuwannin shanu na Arewa, motoci suna lodi zuwa Kudu duk mako. Nawa ake tarawa duk Juma'a, nawa yake shiga asusu da rasit, kuma nawa yake komawa kasuwar a matsayin ruwa da magudana da inuwa?

Na biyu, kogi. Shi ne arzikinmu, masunta da 'yan lambu da masu haƙar yashi duk a jikinsa suke ci. Shi ne kuma barazanarmu, waɗanda suka ga ambaliyar 2001 ba su manta ba. Wane tanadi aka yi kafin damina, ba rabon tabarma da buhun masara bayan ruwa ya ci gida ba?

Na uku, filaye. Jami'ar kimiyya da fasaha da ta fara aiki a 2001, wadda yanzu take ɗauke da sunan Aliko Dangote, da Makarantar Horar da Jami'an 'Yan Sanda, sun jawo mutane, gonaki suna komawa fuloti. An bar wurin makaranta da asibiti da maƙabarta da hanyar ruwa a sababbin unguwanni, ko sai an cushe sannan a fara rusau?

Na huɗu, firamare da ƙananan asibitoci. Yara nawa ne a aji ɗaya a kowace mazaɓa, kuma wace ce ta fi baya da ya kamata a fara da ita?

Na biyar, aikin bara. Kafin a sa hannu a kasafin bana, a hau babur a je a ga kwalbati da burtsatsen da aka rubuta an gama.

Babu ɗaya a cikin waɗannan da yake rashin kunya ko cin amanar jam'iyya. A Ingila, inda muka kwaso tsarin, sai da suka yi doka a shekarar 2000 ta tilasta wa majalisun da ke da shugabannin zartarwa su kafa kwamitin kansiloli da aikinsa kawai bin diddigin masu zartarwa. A birnin Porto Alegre na Brazil, tun 1989 mazauna unguwanni suka fara zama su jera abin da suke so a fara yi musu da kuɗin gari. Su ma sun gane cewa shugaba, komai kirkinsa, in ba a tambayarsa sai ya saki hanya.

Amma a yi adalci. Kansila mutum ne, maƙwabcinmu ne. Tun asuba ƙofarsa cike take da mu: mai haihuwa, mai kuɗin makaranta, mai neman na cefane. Alawus ɗinsa ba zai ɗauke wannan ba, dole ya je ya rusuna wa ciyaman. Wanda ya rusuna da safe yana neman alfarma, ba zai iya miƙewa da rana ya ce a kawo lissafi ba. Ashe da hannunmu muke cire masa haƙoran da doka ta ba shi.

Don haka shawarata ƙarama ce. Ofishin Akanta Janar na Tarayya da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa suna fitar da abin da aka raba wa kowace ƙaramar hukuma duk wata, yana nan a intanet. Matasanmu na jami'a su riƙa ciro na Wudil suna karanta wa iyayenmu da Hausa. Ƙungiyoyin cigaban gari a kowace mazaɓa su gayyaci kansilansu sau ɗaya a wata uku, cikin mutunci, ya zo ya faɗi yaushe majalisa ta zauna, me aka tattauna, shi me ya ce. In zai zo suna, ai zai zo wannan ma.

Baban nan na teburin mai shayi, da zai tashi, sai ya ce mahaifinsa ya biya haraji shekara da shekaru bai taɓa samun damar tambaya ba, mu kuma an ba mu damar mun bar ta a ƙasa. Ban samu amsar da zan ba shi ba.

Wanda ya taɓa yin kansila a cikinku, ko ya yi aiki a sakatariya, don Allah ya ba mu labarin yadda zaman majalisa yake gudana, mu ƙaru. Inda na yi kuskure a gyara min. Allah Ya ba shugabanninmu ikon yin adalci, mu kuma Ya ba mu ƙarfin halin tambaya. Allah Ya ɗaukaka Wudil da Jihar Kano baki ɗaya, amin.