Tsohuwar Gaɓar Tafkin Chadi da Laifin da Ake Ɗora wa Makiyayi

Akwai wani dogon tudun rairayi da ya ratsa Maiduguri da Bama, ya tsallaka Kamaru har wajen Yagoua, wanda masana ƙasa ke kira Tudun Bama. Mai wucewa a mota ba abin da zai lura da shi sai ɗan hawa da gangara. Tudun nan kuwa gaɓa ce, igiyar ruwa ce ta tara rairayin a lokacin da Tafkin Chadi ke kaiwa nan, alhali yau sai an yi tafiyar fiye da kilomita 100 daga Maiduguri kafin a ga ruwansa. A shekarar 2000 wani kumbon Amurka ya auna tudu da kwarin doron ƙasa da na'urar rada, kuma da aka duba awon sai tsohuwar gaɓar ta fito zagaye, kusan a tsayi ɗaya, wajen mita 320 sama da teku. Tafkin da ta kewaye, shekaru 7,000 da suka wuce, ya kai murabba'in kilomita 360,000, wato ya fi kashi ɗaya cikin uku na faɗin Nijeriya. In ya cika ya batse, sai ya malala ta Mayo Kebbi zuwa Binuwai, daga can zuwa Kwara da teku. Wannan tarihi yana da muhimmanci saboda wani tsohon zargi da har yau ake maimaitawa a taruka, cewa akuyar makiyayi da gatarin manomi ne suka jawo mana hamada suka kuma kashe tafkin. Shaidar da aka tara a shekaru 40 ɗin nan ba ta goyi bayan wannan zargi ba.

Zargin yana da asali. A 1935 wani Baturen gandun daji, E. P. Stebbing, ya wallafa gargaɗin cewa Sahara na tahowa arewacin Nijeriya, ya kuma ɗora laifin a kan noma da kiwo da ƙona daji. Ingila da Faransa suka kafa kwamitin haɗin gwiwa da ya zagaya kan iyakar Nijeriya da Nijar a 1936 da 1937, ya dawo ya ce bai ga alamar hamada na cin ƙasa gaba ɗaya ba. Rahoton kwamitin ya kwanta a ofis, gargaɗin Stebbing kuwa ya yi ta yawo, don ya yi wa masu mulki daɗi: in talaka ne ke ɓata ƙasa, an sami dalilin killace daji da hana shi shiga. Da farin shekarun 1970 ya zo, sai aka farfaɗo da maganar da sabuwar riga, wai dabbobi sun cinye ciyawa, ƙasa ta yi fari fat tana mayar da hasken rana, shi ya sa hadari ya daina haɗuwa.

Ƙasar da kanta ta ba da wani labari dabam. A 1987 wani makiyayi Bafulatani yana haƙa rijiya a kusa da ƙauyen Dufuna, cikin ƙaramar hukumar Fune ta jihar Yobe a yau, sai ya ci karo da itace a zurfin kusan mita 5. Masana daga Jami'ar Maiduguri da ta Frankfurt suka tono shi a 1994, ashe kwalekwale ne mai tsawon mita 8 da ɗoriya, sassaƙaƙƙe, mai tsinin baki, ɗan shekara 8,000. Ba a taɓa samun jirgin ruwa da ya girme shi a Afirka ba, kuma kyan sassaƙar ya nuna sana'ar ta daɗe a hannun masu ita kafin a yi shi. A can Tenere ta Nijar, inda yau ko tsuntsu sai ya yi shawara kafin ya ratsa, ayarin Paul Sereno da ke neman ƙasusuwan manyan dabbobin da suka shuɗe ya faɗa kan maƙabartar Gobero a 2000. Kaburbura wajen 200 ne a bakin wani busasshen tafki, tare da ƙashin dorina da kada da giwan ruwa, da mashin kamun kifi na ƙashi. An sami wata yarinya da awarwaron haƙorin dorina a damtse, an kuma sami mace da yara biyu an binne su rungume da juna. A Dabous, arewa da Agadas, akwai raƙumin dawa da aka zana a jikin dutse, tsawonsa ya wuce mita 5, kuma mai zanen ya san dabbar sanin ido.

Me ya kawo ruwan, me ya ɗauke shi? Amsar tana sama. Hanyar da duniya ke bi ta kewaye rana ba da'ira ce cikakkiya ba, akwai lokacin da take matsowa kusa da lokacin da take nisa. A zamaninmu ta fi kusa a farkon Janairu, ta fi nisa a farkon Yuli, daidai lokacin daminarmu. Sai dai layin da duniya ke juyawa a kansa yana layi a hankali kamar mazarin da ya fara gajiya, don haka watan kusancin yana zamewa, ya zagayo cikin shekaru kamar 21,000. Shekaru 10,000 da suka wuce kusancin ya faɗo ne a tsakiyar damina, rana ta fi ta yau ƙarfi da kusan kashi 7 cikin ɗari a wannan lokaci na shekara. Kowane manomi ya san zafin bazara ne ke kiran hadari: ƙasa ta yi zafi, iskarta ta tashi, iska mai laima ta shigo daga teku ta maye gurbi. Da zafin ya ƙaru sai laimar Atilantika ta kutsa arewa, ciyawa ta fito, ciyawar ta riƙe danshi ta ƙara jawo ruwa. Milutin Milankovic ɗan Sabiya ne ya yi lissafin tasirin wannan layi a kan ƙarfin rana a farkon ƙarni na 20, John Kutzbach kuma ya nuna a kwamfuta a 1981 yadda yake ƙarfafa damina. Da kusancin ya zame, ruwa ya ja da baya. Ba a shawarci akuya ba.

Mai shakka zai tambayi yadda aka san shekarun itacen Dufuna da ba wanda ya ga sassaƙa shi, kuma yana da haƙƙin tambaya. Duk abu mai rai yana ɗaukar wani nau'in sinadarin kabon da ke raguwa da kansa bayan mutuwa, rabinsa yana ƙarewa cikin shekara 5,730, don haka abin da ya rage shi ne agogon. An gwada awon da itatuwan da aka ƙirga zoben shekarunsu ɗaya bayan ɗaya, aka gyara kuskurensa da su. Rairayin gaɓa kuma da wata hanya dabam ake auna shi, wadda ke nuna ranar da ƙwayar yashi ta rabu da hasken rana. Hanyoyin biyu ba su dogara da juna ba, kuma sun zo da amsa kusan ɗaya.

Suka ta biyu ta fi nauyi. Bushewar Sahara ta zo ne bayan shanu da awaki sun yaɗu a cikinta, kuma a 2017 masanin tarihin tono David Wright ya kawo ra'ayin cewa kiwo da ƙona daji na iya zama abin da ya tura ƙasar ta faɗa. Gaskiya ne masana ba su gama daidaitawa kan saurin bushewar ba. Laka daga ƙarƙashin teku a gaɓar Muritaniya ta nuna ƙura ta ƙaru farat ɗaya wajen shekaru 5,500 da suka wuce, lakar Tafkin Yoa a arewacin Chadi kuwa ta nuna an ɗauki dubban shekaru ana bushewa sannu a hankali. Amma Sahara ta yi kore ta bushe sau da yawa tun kafin a sami saniyar gida ko ɗaya a duniya, kuma kowane zagaye ya bi layin nan na duniya. A 2018 Chris Brierley da abokan aikinsa a Landan suka lissafa lokacin da ya kamata koren ya ƙare bisa yanayi kaɗai, suka ga ya zarce da kusan shekara 500, har suka yi hasashen cewa kiwon ƙaura ne ya jinkirta ƙarshen. Wanda ya san yadda garke ke barin taki ya tashi kafin ciyawa ta ƙare ba zai yi mamaki ba.

Ragowar tsohon tafkin ma muna shaƙarta kowane hunturu. Wurin da ya fi zurfi shi ne kwarin Bodele a arewacin Chadi, inda ruwa ya taɓa wuce mita 150. Binciken Simon Armitage da abokansa na 2015 ya nuna shekaru kamar 1,000 ke nan da bushewarsa ƙarƙaf, wato daular Kanem ta riski ruwa a can. Abin da ya bari farar ƙasa ce mai laushi, ɓawon ƙananan halittun ruwa da ido ba ya gani. Iska na matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da Ennedi ta kwashe ta, ita ce wani babban kaso na hazon da ke rufe Kano a Disamba, ya kwanta a kan gira da gilashin mota, ya hana jirgi sauka. Wata kuma takan ƙetare teku ta zuba sinadarin taki a dajin Amazon.

Tafkin na yanzu ma ba a taɓa saninsa da girma ɗaya ba. Ana yawan cewa ya ragu da kashi 90 cikin ɗari, ana auna murabba'in kilomita 25,000 na 1963 da ƙasa da 2,000 na tsakiyar shekarun 1980. Alkaluman gaskiya ne, sai dai 1963 ƙarshen wasu shekaru ne masu ruwa fiye da kima. Hafsan Faransa Jean Tilho ya tarar da ɓangaren arewa a bushe wajen 1908, lokacin da ba famfon ban ruwa ko ɗaya a gaɓar. Kusan kashi 90 na ruwan kogin da ke shiga tafkin daga Shari da Logone yake, daga ruwan saman Afirka ta Tsakiya da kudancin Chadi da tsaunukan Adamawa, nesa da makiyayan da ake zargi. A 2003 Alessandra Giannini da abokanta suka nuna cewa ɗumi da sanyin tekuna kaɗai sun isa su bayyana mafi yawan farin Sahel, kuma hotunan tauraron ɗan'adam da aka nazarta a 2020 sun nuna tafkin bai ci gaba da raguwa ba tun farkon wannan ƙarni.

Wannan bai wanke ɗan'adam ba, ya dai sauya wanda ake tuhuma. Saran icen girki ya share dazuzzukan da ke kewaye da manyan birane, madatsun Tiga da Challawa sun rage ambaliyar da fadamun Haɗeja da Nguru ke rayuwa da ita. Akwai kuma shaida mai ƙarfi cewa hayaƙin masana'antun Turai da Amurka ya sanyaya arewacin Atilantika a shekarun 1960 zuwa 1980, ya ture damina kudu. Ɗumamar duniya ta yau tana aiki cikin shekaru gommai, layin duniya kuwa cikin dubbai, don haka ba wanda zai fake da tsohon tafki ya ce duk lamarin ɗabi'a ne. Kuskuren karanta tarihin nan ya riga ya ci kuɗi: a shekarun 1970 aka haƙa magudanan aikin noman rani na kudancin Tafkin Chadi a Borno bisa tsammanin ruwa zai tsaya inda aka gan shi, tafkin ya ja baya ya bar bakin magudanar a tudu. A Fabrairun 2018 wani taro a Abuja ya amince da shirin Transaqua, magudana mai tsawon kilomita 2,400 da za ta jawo ruwa daga rassan kogin Kwango, kuma babbar hujjarsa ita ce dai girman tafkin na 1963. Manoman da ke shuka masara da wake a dausayin da ruwa ya janye, da masuntan da ke bin ambaliya duk inda ta kai, su ne za su fara rasa ƙasa in aka cika tafkin ya tsaya wuri ɗaya.