Tsofaffin Motocin Fijo a Maikunkele: Tarihin Riƙo da Gyara

Riƙon tsofaffin motoci al'ada ce ta ci gaba da kula da mota bayan zamaninta ya wuce, ana gyara ta ana hawa, ko don amfani ko don ƙauna. A Turai da Amurka sha'awa ce ta masu hali, suna da ƙungiyoyinsu da ranakun da suke fito da motocin a zo a kalla. A Maikunkele, hedikwatar ƙaramar hukumar Bosso a jihar Neja, kimanin kilomita 10 arewa maso yamma da Minna, buƙata ce ta haifi al'adar, ƙauna ta biyo ta daga baya. Motar da labarin ya rataya a kanta ita ce Peugeot, wadda Hausawa ke kira Fijo, musamman ƙirar 404 da 504.

Garin da hanyarsa

Maikunkele gari ne a ƙasar Gwari, a bakin hanyar da ta fito daga Minna ta bi ta Bosso da Tudun Fulani ta nufi Zungeru. Filin jirgin saman Minna ma a nan yake. Daga Zungeru hanyar ta wuce Tegina, inda ta rabu: ɗaya ta yi Kontagora da ƙasar Sakkwato, ɗaya ta yi Birnin Gwari da Kaduna. Duk wanda ya san wannan hanya ya san rabin dalilin da ya sa Fijo ta kafu a yankin.

An ƙirƙiro jihar Neja ranar 3 ga Fabrairu 1976 daga tsohuwar jihar Arewa maso Yamma, aka mai da Minna babban birninta. Ma'aikatan gwamnati 'yan asalin yankin da ke aiki a Sakkwato suka tattaro suka dawo gida, kuma hanyarsu ta shigowa Minna ta ratsa Maikunkele ne. A lokacin masana'antar Fijo ta Kaduna ba ta cika shekara guda da fara aiki ba. Jihar da motar kusan tare suka tashi, shi ya sa dattijon da ya yi aikin gwamnati a waccan shekara ba ya iya ba da labarin ɗaya bai sako ɗayar ba.

Kafin zuwan Fijo

Jirgin ƙasa ya riga mota zama abin sufuri a wannan yanki. Layin dogo daga Baro zuwa Kano, wanda aka kammala a 1911, shi ya raya Minna. Mota kuwa ta fara ne a hannun Turawan mulki da sarakuna, kuma ana yawan ambaton Sarkin Katsina Muhammadu Dikko cikin sarakunan Arewa na farko da suka mallake ta. Har bayan samun 'yancin kai a 1960 motocin Ingila ne suka fi yawa a hanya: Landiroba ta jami'an En'e da na gona, Morris da Austin na manyan ma'aikata, da manyan motocin Bedford masu bodin katako. Fijo 403 da 404 sun fara shigowa tun lokacin. Ranar 2 ga Afrilu 1972 Najeriya ta sauya hannun tuƙi daga hagu zuwa dama, kamar maƙwabtanta rainon Faransa, sai motocin da sitiyarinsu ke hagu suka zama su ne daidai da hanya.

Masana'antar Kakuri

An kafa kamfanin Peugeot Automobile Nigeria, wanda aka fi sani da PAN, a Disamba 1972, haɗin gwiwa tsakanin gwamnatin tarayya da kamfanin Peugeot na Faransa, kuma masana'antarsa da ke Kakuri a Kaduna ta fara fitar da motoci a 1975, zamanin Janar Yakubu Gowon. Tana cikin jerin masana'antun haɗa motoci na shekarun arzikin man fetur, tare da Volkswagen a Legas, Leyland a Ibadan, Steyr a Bauchi, ANAMMCO a Inugu da ta manyan motocin Fiat a Kano. An daɗe ana ɗauko sassan Fijo ta jirgin sama daga birnin Lyon na Faransa a sauke a Kano, sannan a kai su Kaduna a mota a haɗa. A farkon shekarun 1980 masana'antar tana fitar da dubun-dubatar motoci a shekara.

Abubuwa biyu suka cika mata kasuwa. Na farko ƙarin albashin Udoji, wanda aka biya ma'aikata da ariyas ɗinsa a 1975, ga kuma bashin sayen mota da gwamnati ke bai wa ma'aikacin da ya kai wani mataki. Malamin sakandare ko jami'in gona yana iya fitowa da sabuwar mota fil, a riƙa cire kuɗin kaɗan-kaɗan daga albashinsa. Na biyu kuwa, bayan kisan Janar Murtala Muhammed ranar 13 ga Fabrairu 1976, gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta ɗauki tsarin rage almubazzaranci, ta mai da 504 motar hawan jami'an gwamnati har da manya. Daga nan ta zama motar kwamishina, ta alƙali, ta 'yan sanda, ta asibiti, daga baya kuma ta jami'an kiyaye haɗurra da aka kafa hukumarsu a 1988.

Abin da ya sa ta jure

An fara ƙera 504 a Faransa a 1968, ta ci kyautar motar shekara ta Turai a 1969, kuma jimillar waɗanda aka ƙera a duniya sun haura miliyan 3. Ta ci tseren Safari na Gabashin Afirka a 1975. Amma direban da ke zirga-zirga tsakanin Minna da Kontagora bai buƙaci labarin tsere ba kafin ya yarda da ita. Cikinta ya yi nesa da ƙasa, ƙafafunta suna da dogon numfashi a kan rami, kuma tayoyin baya ne ke tura ta, don haka in ta ɗauki kaya nauyin yana ƙara mata kama ƙasa a hawan tudu ko cikin taɓo. Injinta mai silinda huɗu ne, lita 1.8 ko lita 2, kuma hannayen rigar silindar ana zare su a sa sababbi, ba sai an jefar da gangar injin ba. Wannan dabara ɗaya ta ƙara wa dubban motoci shekaru.

Kala uku aka fi sani. Akwai salun ta ma'aikata. Akwai wagon mai layin kujeru uku, wadda ta riƙe tashoshin mota na Arewa shekara da shekaru, ana loda ta zuwa Kaduna, Bida, Suleja da Sakkwato. Sai a-kori-kura, mai buɗaɗɗen baya, wadda a ƙasar doya irin wannan ta fi sauran daɗewa a bakin aiki. Ana ƙara mata ganyen sifirin a baya, mai walda ya ɗaga mata shinge na ƙarfe, a jera doya kai da gindi har ta wuce rufin direba, masu kayan su hau sama su zauna. Ranar kasuwar Beji, da ke gaba da Maikunkele a kan hanyar Zungeru, irin waɗannan motoci ne suka daɗe suna fito da amfanin gona daga ƙauyukan da motar birni ba ta shiga.

Tana da nata laifin, kuma masoyanta na gaskiya ba sa ɓoye shi. In aka yi sakaci da ruwan lagireto ta yi zafi, gaskit ya ƙone. Tsatsa tana cin ƙasan bodinta. Tana kuma shan mai fiye da ƙananan motocin Japan.

Juyin zamani

Faransa ta daina ƙera salun ɗin 504 a 1983, amma Kaduna ta ci gaba da haɗa ta har wajen 2006, abin da ya sa Najeriya ta kasance cikin wuraren ƙarshe da aka yi ta a duniya. Sai dai kasuwarta ta karye tun kafin nan. Shirin gyaran tattalin arziki na 1986, zamanin Janar Ibrahim Babangida, wanda shi kansa haifaffen Minna ne, ya karya darajar naira. Da yake yawancin sassan motar daga waje ake sayo su, farashin sabuwar Fijo ya fi ƙarfin albashi. A shekarun 1990 motocin gwanjo na Turai, waɗanda ake kira Beljiyam ko tokumbo, suka kwararo ta Legas da Kwatano. Golf da Sharon suka karɓe layin wagon a tasha. Tsarin 2003 na mai da alawus ɗin ma'aikata kuɗi ya rage sayen motocin gwamnati. An sayar da kason gwamnati a PAN a 2006, hukumar AMCON ta karɓi kamfanin a 2012 saboda bashi.

A wannan tsakani ne riƙon tsohuwar mota ya zama al'ada. Wanda ya sayi 504 a 1980 ya wayi gari ba zai iya sayen wata sabuwa ba har ya yi ritaya, don haka ya rungumi wadda ke hannunsa. Shekara ashirin yana gyara ta don dole, sai ta zama motar da ta kai matarsa asibiti haihuwa, ta ɗauko amaryar ɗansa, ta raka mahaifiyarsa filin jirgi za ta Makka. Daga nan ba a maganar sayarwa.

Hannun da ke riƙe da ita

A ganina, tarihin tsofaffin motoci a wannan yanki tarihin kanikawa ne kafin ya zama na masu motocin. Garejin bakin hanya ba ya wuce inuwar mangwaro ko rumfar kwano, ƙasa ta yi baƙi da tsohon baƙin mai, da akwatin ƙarfe na sifanu. Mota ta zo tana tari tana fizga. Maigidan gareji ba ya fara taɓa komai sai ya ce a tayar da ita, ya sunkuya ya kasa kunne. Sannan ya ce wa yaronsa, "Kai, miƙo min sukudireba da sanfefa." Ya buɗe murfin distiribita ya goge kwantak, ya kwance kafireto ya wanke da fetur a gwangwanin madara, ya sa baki ya hure ɗan ramin da mai ke bi, ya ɗaga shi sama ya duba ko haske na ratsawa. In ya mayar, sai ya riƙa juya sukurun silo kaɗan-kaɗan har ƙarar injin ta kwanta. Mai mota ya ce, "Maigida, yaya ka ji ta?" Ya amsa, "Baba, ba ta da komai, datti ta sha."

Wannan sani a kunne da yatsu yake, ba a rubuce yake ba, kuma yana wucewa ne daga maigida zuwa yaron da aka kawo masa koyon aiki, wanda zai yi shekaru yana wankin kayan inji kafin a bar shi ya ɗaure kan silinda. Yaran yau motocin da ke zuwa musu masu ƙwaƙwalwar lantarki ne, ana jona musu kwamfuta ta faɗi ciwon. Ba laifinsu ba ne in ba su koyi kafireto ba, domin abin da ke kawo abinci shi mutum ke koya. Amma duk tsohon bakanike da ya ajiye sifana, motoci da dama ne ke rasa likitansu.

Kayan gyara ma sun zama abin nema. Ana samun wasu a shagunan 'yan kasuwar Ibo da ke Minna, waɗanda ke sayowa daga Nnewi da Ladipo ta Legas. Abin da ya gagara sai a aika Fanteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano. Fitilar gaba ta asali, da alamar zakin nan, da marfin taya, da agogon gaban direba sun fi wuyar samu. Shi ya sa mai riƙon Fijo da gaske yakan sayi matacciya guda ya ajiye a bayan gida, yana cire mata yana sa wa mai rai. Babban abokin hamayyarsa ɗan gwangwan ne, mai sayen ƙarfe a kan sikeli. Magada da yawa sun sayar da motar mahaifinsu kilo-kilo, aka sare ta da wutar walda aka tura masana'antar narka ƙarfe. Abin yana min ciwo, domin motar da ta shiga tukunyar narki ba ta dawowa, kuma ba a sake ƙera irinta.

Ajiya don tarihi da ƙauna

Akwai wani reshe na al'adar da ya girmi Fijo, wato na fadoji. Fadar Kano ta shahara da tsofaffin motocin Rolls-Royce da ake fito da su a manyan ranaku. Gidan tarihi na ƙasa da ke Onikan a Legas yana ajiye da baƙar Marsandin da aka harbi Murtala a cikinta, da ramukan harsashi a jikinta. Waɗannan motocin mulki ne. Motar malamin makaranta da ta manomin doya kuwa, gidajen masu su ne gidan tarihinsu.

Hausawa na cewa kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, kuma akwai gaskiyar haka a begen Fijo. Dattijon da ke shafa bodin motarsa yana tuna lokacin da albashi ke sayen sabuwar mota, lokacin da Kakuri ke cike da ma'aikatan masaƙu da na haɗa motoci, lokacin da ake bin hanyar Birnin Gwari da dare ba fargaba. Matasa kuma sun fara kallonta da wani ido. Wasu suna karɓar ta iyayensu su kai wa mai gyaran bodi da mai fenti, a sake ɗinka kujeru, a fito da ita ranar Sallah ko ɗaurin aure, a ɗauki hoto a sa a Facebook. Wasu sukan cire injin su sa na wata mota don sauƙin mai. Na fi girmama wanda ya bar ta da injinta na asali, ko da zai rage hawa.

Sunan Peugeot bai bar Kaduna ba, domin kamfanin Dangote Peugeot ya fara haɗa sababbin ƙira a can a 2022. Amma tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, hawan mota mai kafireto kullum ya yi wa ɗan fansho nauyi. Da yawa daga cikin salun ɗin da suka rage sun koma ƙarƙashin rumfa, an lulluɓe su da tamfol, an cire kan batir. Mai ita yakan fito da safe sau ɗaya a mako, ya duba ruwa da baƙin mai, ya mayar da kan batir, ya taka totur sau biyu kafin ya murɗa makulli, ya bar ta ta yi zafi na 'yan mintoci don kada inji ya kafe. A-kori-kura kuwa, waɗanda suka rage a cikinsu, da kakar doya har yanzu suna kan hanyar Beji da lodi.