Hannu biyu, zuciya da kambi: tarihin kyautar baiko a ƙasar Ailan

Duk wanda ya shiga shagunan tsaraba na Dublin ko Galway yana neman abin da zai kai wa waɗanda aka yi wa baiko, kayan da za a yi ta nuna masa ba su da yawa: zobe mai siffar zuciya, rigar sanyi ta farin ulu, leshi, kofunan gilashi masu sassaƙa, da tangaran. Kowanne da 'yar takardarsa a maƙale, tana cewa tun kaka da kakanni aka gaje shi. 'Yan Najeriya da ke aiki a asibitoci da kamfanonin ƙasar sun san wannan tsaka-mai-wuya, ranar da abokiyar aiki ta shigo tana nuna yatsa. Takardun nan kuwa sukan ƙara gishiri. Yawancin kayan ba su kai tsufan da ake ba su ba, kuma talauci da yunwa da ƙaura ne suka raine su.

Zoben shi ne ya fi suna. Ana kiransa Claddagh, a furuci kusan “Kalada”, sunan wani ƙauyen masunta da ke bayan ganuwar birnin Galway, inda kogin Corrib yake shiga teku. Kalmar a harshen mutanen Ailan tana nufin gaɓar ruwa. Mazauna ƙauyen sun daɗe suna riƙe da harshensu, suna zaɓen sarkinsu na masunta, ba su cika cuɗanya da 'yan birni ba. Siffar zoben hannu biyu ne riƙe da zuciya, da kambi a bisanta, ana fassara su da abota da ƙauna da amana. Sai dai zobe mai hannu biyu ya girmi ƙauyen nesa ba kusa ba. Tun zamanin Romawa ake ƙera zoben alkawari mai hannaye a haɗe, Italiyawa kuma suka ba irinsa sunan “fede”, wato amana, ya bazu a Turai. Abin da Galway ta shahara da shi shi ne haɗa hannayen da zuciya mai kambi, ta kuma riƙe siffar bayan yayinta ya wuce a wasu wurare.

Akwai wani maƙerin fari, Richard Joyce, da ake danganta zoben da shi, kuma labarinsa ya ratsa ta ƙasar Musulmi. James Hardiman ya kawo shi a littafinsa na tarihin Galway na 1820. Joyce yana saurayi ya hau jirgi zuwa tsibiran Karibiyan, 'yan fashin teku na Aljeriya suka kama jirgin, aka sayar da shi bawa ga wani attajiri mai ƙirar zinariya, wanda ya koya masa sana'ar. Bayan Sarki William na Uku ya hau gadon Ingila a 1689, ya nemi a saki talakawansa da ke bauta a Aljeriya. Ubangidan ya yi wa Joyce tayin 'yarsa da rabin dukiyarsa in zai zauna, ya ƙi, ya koma gida. Cewa Joyce ya yi ƙira a Galway wajen 1700 tabbas ne, domin tambarinsa yana nan a jikin kayan azurfa na coci, kuma zoben Claddagh mafi tsufa da aka sani, mai tambarinsa, yana gidan tarihi na birnin. Amma budurwar da ake cewa ta jira shi shekara 14, wadda wai ya ƙera mata zoben yana cikin bauta, masu talla ne suka fi kowa saninta.

Sunan “zoben Claddagh” kansa sai a shekarun 1840 ya shiga littattafai, lokacin da marubuta masu yawon buɗe ido suka lura matan ƙauyen suna gadon zoben aure daga uwa zuwa 'ya. A gidan masunci, wannan zoben zinariya kan zama kadara mafi tsada. Sai ga babbar yunwa ta 1845 zuwa 1852, da cuta ta ruɓar da dankalin Turawan da talakawa suka dogara a kai. Kimanin mutum miliyan ɗaya suka mutu, sama da miliyan ɗaya suka bar ƙasar. Ƙidayar 1841 ta sami mutum fiye da miliyan 8. Ta 1851 ta sami kimanin miliyan 6 da rabi. Zobba suka bi masu su zuwa Boston da New York, jikokinsu kuma suka zama babbar kasuwar zoben. Shi kuwa ƙauyen, hukuma ta ce ɗakunansa na jinka ba su dace da zaman ɗan Adam ba, aka rushe su a shekarun 1930, aka gina gidajen gwamnati a wurin.

A yau akwai ƙa'idar sawa da kowane mai shago zai karanta maka. A hannun dama, in tsinin zuciyar ya dubi waje, mai zoben ba ta da kowa. In ya dubi ciki, an riga ka. A hagu, waje baiko ne, ciki aure. A ganina wannan ƙa'idar ce ma take nuna cewa zoben ba kyautar bare ba ce. Tsakanin masoyan ne, ko daga uwa da kaka. Abokin aiki da ya kai shi ya shiga sharo ba shanu. In dai siffar ce ta burge mutum, ana sa ta a jikin cokulan azurfa da makarin hoto. A nan sai a juya kayan a nemi hatimi. Tun 1637 ƙungiyar maƙeran zinariya ta Dublin take da izinin gwada zinariya da azurfa ta buga musu hatimi, ofishinta yana cikin tsohuwar fadar Dublin har yau, kuma lamba 925 tana nufin azurfa mai kyau. Hatimin shaidar ingancin ƙarfe ne kawai. Ko da hannu aka ƙera, ko inji ne ya zubo dubu a rana, wannan sai an tambayi mai shago.

Rigar sanyin Aran ta fi zoben shan ƙarin gishiri. Aran tsibirai uku ne a bakin tekun Galway, kuma za a gaya maka kowane dangi yana da zanen saƙarsa, domin in teku ta ci masunci a gane gawarsa da rigarsa. Rigar da muka sani a farkon ƙarni na 20 ta bayyana, bayan hukumar da aka kafa a 1891 don tallafa wa yankuna matalauta na yammacin ƙasar ta ƙarfafa kamun kifi da saƙa. Labarin gawar ya yi kama da wasan kwaikwayon J. M. Synge na 1904, inda wata yarinya ta gane ɗan'uwanta da ruwa ya ci ta hanyar safar da ta saƙa masa da kanta; safa ce, kuma kuskuren saƙarta ta gane. Ma'anonin addini da ake liƙa wa kowane zane kuwa, Heinz Kiewe, wani mai shagon zare a Oxford, shi ya yaɗa su. Matan tsibiran sun ƙware ƙwarai, kuma kuɗin saƙa ya ciyar da gidaje, musamman bayan mawaƙan Clancy Brothers sun fito da rigunan a talabijin ɗin Amurka a 1961. Wadda aka saƙa da allura biyu takan ci makonni, farashinta ma yakan faɗa da bakinsa. Mai arha ta inji ce.

Leshi bai ɓoye asalinsa ba. Na Carrickmacross ya fara wajen 1820, amma lokacin yunwa ne sistocin coci da matan masu hali suka baza koyar da leshi da saƙar kwarashi a Cork da Youghal da Clones, don 'yan mata su sami na abinci. Akwai leshin Carrickmacross a rigar auren Gimbiya Diana ta 1981. Ɗan ƙaramin hankici na wannan aiki kyauta ce da amarya za ta iya riƙewa ranar ɗaurin aure, ta kuma ajiye wa 'yarta.

Gilashin Waterford, wanda ya daɗe yana kan gaba a kayan biki, tarihinsa a yanke yake. Iyalan Penrose suka kafa masana'antar a 1783, ta rufe a 1851, ta kwana kusan shekara ɗari, sai a 1947 wasu 'yan ƙasar Cek, Charles Bačik da Miroslav Havel, suka tayar da ita. Babbar masana'antar ta sake rufewa a 2009. Ana sassaƙa wasu kayan a Waterford har yanzu, amma da yawa a wasu ƙasashen Turai ake yin su, kuma kamfanin Fiskars na ƙasar Finlan ne ke da sunan tun 2015.

Da ni za a tambaya, kwandon Belleek zan nuna. A 1857 aka kafa masana'antar tangaran ta ƙauyen Belleek, a Ailan ta Arewa, bisa himmar John Caldwell Bloomfield, mai ƙasar wurin, wanda ya nemi aikin yi ga mutanen da yunwa ta bari. Har yau da hannu ake saƙa kwandunan, daga siraran igiyoyin yumɓu, a ɗora musu furannin da aka murza ganye bayan ganye. Abu ne na gida, na mutum biyu, ba ya buƙatar sanin awon yatsa ko na kafaɗa. A gindin yawancin kayan Belleek akwai tambari mai kare da hasumiya da garayar Ailan, launinsa ma yana nuna zamani: baƙi ne har zuwa 1946, daga nan ya koma kore. Kwandunan su kuma sunan Belleek ake dannawa a wata 'yar falle ta yumɓu a ƙasansu. Mai tafiya da shi a jirgi ya riƙe shi a jakar hannu.