Tayi da Albarka: Cinikin Doki a Gidan Mai Shi a Ƙasar Hausa ta Dā

A zamanin dā doki makami ne kafin ya zama abin ado, sabo da haka cinikinsa bai taɓa zama kamar na akuya ko jaki ba. Tarihin Sarakunan Kano ya nuna Sarki Kananeji, wanda ya yi sarauta daga 1390 zuwa 1410, shi ne ya fara shigo da lifidi da kwalkwali da sulke, kuma ya riƙa aika wa Kwararafa dawaki su kuwa suna aiko masa da bayi. Alhasan Alwazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, a littafinsa da aka buga a 1550 ya ce Mai na Barno ya kan ba fataken Arewacin Afirka bayi 15 ko 20 a kan doki guda, kuma tilas fataken su jira sai ya komo daga hari kafin a biya su. Wannan ciniki ne na sarakuna, su ke yanka sharaɗi. Abin da ba a cika kula da shi ba shi ne cinikin da a kan yi tsakanin mutum da mutum, a bakin turke, cikin gidan mai dokin.

Bambancin kasuwa da gida ba ƙarami ba ne. Wanda ya kai dokinsa kasuwa ya riga ya shaida wa duniya yana bukatar kuɗi. Wanda aka samu a gida kuwa bai faɗi kome ba, kuma sayar da dokin hawa abin jin nauyi ne ga mai mutunci, domin a kan ɗauka ko dai hannunsa ya yi sanyi. Don haka mai saye ba ya shiga zaure ya ce ya zo sayen doki. Sai a gaisa, a yi barka da gida, a yaba dabbar, sa'an nan wani na uku, dillali ko aminin gidan, ya ɗauko maganar. Shi ne zai faɗi abin da kunya ta hana biyun faɗi.

Kalmomin da kansu suna bayyana tsarin. A cinikin dabba mai saye ne ke fara buɗe baki, ya taya. Mai kaya in bai yarda ba ya ce albarka. Kalmar asalinta Larabci ce, amma Bahaushe ya mai da addu'a ta zama ƙi, watau ƙin da ba ya rufe ƙofa, ba ya kuma muzanta mai tayi. A kan yi ta ƙari ana albarka har mai kaya ya ce ya sallama. Ita ma sallama Larabci ce, haka dillali, haka la'ada, wadda tushenta kalmar al'ada ne, watau abin da aka saba bayarwa. Taya da ragi kuwa ba a ga alamar Larabci a jikinsu. Ke nan fafutukar neman sauƙi da harshen gida a kan yi ta, ɗaurin cinikin da ladabinsa kuwa da kalmomin da suka zo tare da littattafan malamai da ayarin fatake.

To, tun da mai saye ne ke fara tayi, ragi ba ya samuwa ta roƙo, sai ta sanin doki. A kan buɗe baki a duba haƙora don gane shekaru, a ɗaga kofato, a shafa gadon baya ko akwai tsohon mikin sirdi, a dubi ido. Sa'an nan a ɗaura sirdi a hau, a yi sukuwa, a saurari numfashi bayan an ja linzami. Kowane aibi aka gano hujja ce ta tsayawa a kan ƙaramin tayi, amma ba a faɗinsa da gatsali a gaban mai gida. Dillali a kan ja gefe a raɗa wa. Asali ma yana shiga lissafi, ko ɗan Azbin ne ko na Barno, ko ingarma ne ko ƙuru, haka launi, akawal ko kili ko bidi. Wanda ya taya dokin da bai hau ba, shi ne a kan ce ya yi cinikin biri a sama.

Shari'a ba ta bar wannan fage ba. A mazhabar Malikiyya ciniki yana ɗauruwa da furuci, ba a jiran sai an tashi daga majalisa, sabo da haka kalmar sallama tana da nauyi ƙwarai. Amma Muhtasar na Halilu ya halatta a yi sharaɗin zaɓi, kamar kwana uku ga dabba, kwana ɗaya don gwada hawa. An kuma ba mai saye ikon mayar da dabba in tsohon aibi ya bayyana, an hana mutum ya yi tayin ƙarya don ya ɗaga kuɗin a kan wani. Mai wayo ya kan yi ciniki da waɗannan haƙƙoƙi su kansu: ya ce zai ɗauka yanzu ba kwanakin gwaji, in an sauko masa kaɗan.

Wurin da ragi ya fi ɓuya shi ne wajen biya. Barth ya tarar a Kano a 1851 ana canjin dalar azurfa guda a kan wuri 2,500, keso kuwa wuri 20,000 ne, watau dala takwas kawai. Kuɗin doki nagari a wuri kaya ne na ɗauka, ƙirgarsa aikin yini. Sabo da haka a kan haɗa da riguna da turkuɗi da sauran haja, sai a sake sabon ciniki a kan ƙimar kowace riga. Ta nan mai doki ya kan ambaci babban kuɗi a bainar jama'a ya tsira da girmansa, mai saye kuwa ya samu sauƙinsa a ƙimar tufafin.

Clapperton, wanda ya sauka Kano a 1824, ya lura bayan an gama ciniki mai sayarwa ya kan mayar da kashi biyu cikin ɗari ga mai saye da sunan albarka, in kuwa a gidan haya aka yi, mai masauki ne ke karɓa. Wannan shaida ce mai ƙarfi cewa wurin da aka ƙulla ciniki yana canja wanda zai ci ribarsa.

Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, aka hana yaƙi da kamun bayi, jirgin ƙasa ya iso a 1911, fam da sule suka kori wuri. Doki ya koma na hakimai da hawan salla da sukuwa. Tayi da albarka da la'ada kuwa ba su bi shi barga ba; sun koma bakin dillalan keke da na mota.