Lissafin Sauyin Gudun Iskar Gas a Cikin Bututu

Iskar gas tana matsuwa, shi ya sa dogon bututu yake hanya kuma yake rumbu. Abin da aka ɗura masa cikin awa guda ba lallai ne ya yi daidai da abin da ya fita ba. Ragowar tana nan ciki, tana ƙara matsi. Tsofaffin ƙa'idoji, irin ta Weymouth ta 1912, an gina su ne bisa cewa gudun iskar ba ya canzawa. Sun wadatar wajen zaɓar faɗin bututu, amma da zarar an rufe bawul, ko injin matsa iska ya tsaya, ko tashar lantarki ta daina ja kwatsam, sai su gaza.

Lissafin gudu mai sauyawa ya dogara ne da cewa iskar ba ta ɓacewa: abin da ya shiga wani sashe, ko ya wuce ko ya taru. A kan wannan ake ɗora dokar motsi ta Newton, inda bambancin matsi ke tura iskar, gugar jikin bututu ke rage mata gudu, sai kuma alaƙar matsi da zafi da nauyinta. Alƙalami kaɗai ba ya warware waɗannan ƙa'idoji. Akan yanka bututun gunduwa-gunduwa, lokaci ma haka, kwamfuta ta bi su ɗaya bayan ɗaya.

Ana muhawara ne a kan abin da ya kamata a zubar daga lissafin. Sauyin matsi yana tafiya da saurin sauti, kimanin mita 400 a daƙiƙa. A bututu mai tsawon na Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, kilomita 614, alamar farko za ta kai ƙarshe cikin kusan minti 25, amma guga ta raunana ta tun a hanya, kuma matsin kan ɗauki awoyi kafin ya daidaita. Don haka mai lissafin hawa da saukar buƙata tsakanin dare da rana zai iya ajiye ɓangaren zaburar iskar, wato na saurin ƙaruwa ko raguwar gudunta, ba tare da asara ba. Mai binciken fashewar bututu kuwa, idan ya ajiye shi ya ajiye abin da yake nema.

Cika lissafi da kowane ɓangare ba ya tabbatar da ingancinsa. Kaushin cikin bututu yana canzawa da tsatsa da datti, kuma ba a iya auna shi kai tsaye bayan an binne ƙarfen, sai dai a riƙa gyara adadinsa har lissafi ya dace da abin da ma'aunan matsi ke nunawa a tashoshi.