Rukunan Magungunan Rage Kaifin Ƙanjamau da Matsalar Bijirewar Ƙwayar HIV

Tsakure

Maƙalar ta duba inda kowane rukunin magani yake datse hayayyafar ƙwayar HIV. Ta nuna cewa ana auna darajar magani da irin wahalar da ƙwayar take sha kafin ta bijire masa.

Yadda rukunan suke aiki

HIV ba ta hayayyafa sai a cikin ƙwayoyin garkuwar jiki na CD4. Da ta shiga, sai ta juya bayanan halittarta daga RNA zuwa DNA, ta dasa su cikin na ɗan Adam, sannan ta yayyanka furotin ta harhaɗa sababbin ƙwayoyi. Kowane mataki da sinadarin da yake gudanar da shi, kuma a nan magungunan suke yi mata kwanton ɓauna.

Rukunin farko, wanda zidovudine ya buɗe a Amurka a 1987, yana shiga sarƙar DNA kamar tubalin bogi da ba a iya ɗora wani a kansa, sai ginin ya tsaya. Tenofovir da lamivudine 'yan wannan gida ne. Nevirapine da efavirenz kuwa sukan manne wa sinadarin juyawar, su gurgunta shi. Saquinavir, a 1995, ya zo da dabarar hana yanka furotin, raltegravir kuma a 2007 ya hana dasawa.

Matsalar bijirewa

Sinadarin juyawa na HIV yana yawan kuskure wajen kwafi, ba ya kuma gyarawa. Saboda haka magani guda ba ya daɗewa kafin wani nau'in da ya sauya ya kuɓuce masa. Wannan ne ya sa haɗa magunguna uku, da ya kankama a 1996, ya sauya tarihin cutar. Amma rukunan ba ɗaya suke ba. Sauyi guda, K103N, ya isa ya karya lagon efavirenz da nevirapine baki ɗaya. Ga kuma HIV-2 da ake samu a Afirka ta Yamma, wadda tun asali ba ta jin wannan rukuni. Dolutegravir kuwa, ɗan gidan raltegravir, bijire masa yana da wuya ƙwarai, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta fifita shi a 2019, aka rungumi haɗin TLD (tenofovir, lamivudine da dolutegravir) na ƙwaya ɗaya a rana.

A ganinmu, wannan nasara ba ta ba da damar sakaci ba. Maganin tarin fuka na rifampicin yana rage dolutegravir a jini, dole a ninka shan dolutegravir ɗin zuwa sau biyu a rana. Magungunan ƙarin jini da na ƙwannafi kuma suna hana hanji tsotse shi yadda ya kamata. Sannan babu rukunin da yake kaiwa ga ƙwayar da ta kwanta luf a cikin CD4, don haka da an daina sha take farfaɗowa. Wajibi ne ma'aikatan lafiya su riƙa tambayar majinyaci duk abin da yake sha kafin su miƙa masa magani.