Haɗa Furotin ɗin Rigakafi a Ƙwayoyin Jikin Ƙwari

Hanya ce ta samar da sinadarin allurar rigakafi ba tare da an yi kiwon cutar kanta ba: ana sa ƙwayoyin jikin ƙwaro su ƙera furotin guda na cutar, a tace shi, a yi allura da shi.

A 1962 Thomas Grace, a Ostareliya, ya raya ƙwayoyin jikin wani faɗa-wuta a kwalba, suka ci gaba da hayayyafa ba yankewa. A 1977 James Vaughn na Amurka ya bayyana zuriyar ƙwayoyin jiki mai suna Sf21, wadda aka ciro daga ƙwaron Spodoptera frugiperda, daga gare ta kuma Sf9 ta fito. Manomanmu sun san tsutsarsa farin sani: ita ce ta ɓulla a Najeriya a 2016, tana shiga zuciyar masara ta bar kashinta kamar garin katako.

Babban ci gaban ya zo a 1983 a Jami'ar Texas A&M, ta hannun Gale Smith da Max Summers da Malcolm Fraser. Sun yi aiki da bakulobairos, cutar da ke narkar da tsutsa amma ba ta hayayyafa a jikin mutum. Tana ƙera furotin mai suna folihedrin birjik, ta kulle kanta a ciki kamar ƙwallo a ɓawo, don ta jure zama a kan ganye. A cikin kwalba ba ta bukatar ɓawon. Sai suka cire umarnin gadon da ke yin sa, suka dasa na wani furotin ɗin ɗan Adam mai suna intaferon a gurbinsa, ƙwayoyin kuwa suka duƙufa suna ƙera shi. Dabarar abar yabo ce, domin ƙwazon cutar aka juya ya zama aikin magani.

Aladu ne suka fara amfana, da rigakafin zazzaɓinsu wajajen 2000. A 2007 Turai ta amince da Cervarix ta kamfanin GSK, mai kare mata daga sankarar bakin mahaifa. A Janairun 2013 Amurka ta amince da Flublok, rigakafin mura da ba a nome shi a ƙwan kaza ba, wanda furotin ɗinsa ya ninka na allurar da aka saba sau uku. A Disamban 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da izinin gaggawa ga rigakafin korona da ake haɗawa a Sf9, na Novavax, kamfanin da Smith ɗin nan ya koma aiki.